Yarinyar Jikin Kwalbar Mai

"Yaya, wannan ai ita ce!"

Abinci na kawo masa shagonsa na gyaran hoto, sai ga yarinyar jikin kwalbar maina a kwamfutarsa, fara sol, hanci kamar biro. Tun bara nake shafa man nan don in zama irinta. Kumatuna sun ƙone, sun yi dabbare-dabbare, ko a gida ba na cire takunkumi, kullum ƙaryar mura nake yi.

"Aikina ne," in ji shi, bai ko juyo ba. "Masu man ne suka ce in haɗa musu kyakkyawa."

"Don Allah a ina take? Ina son ganinta ido da ido."

Ya yi dariya, ya shiga warware gyaran ɗaya bayan ɗaya. Farin ya dushe, hancin ya baje, wushirya ta dawo. Sai ga tabon faɗuwa daga keke a haɓa.

Na shafa haɓata. Ni ce a hoton, tun fatata tana sumul.

Na sauke takunkumin. Ya juyo, dariyar ta maƙale.

"Ƙanwata, wa ya yi miki haka?"