Kwanon da Inna Ta Ware

Da ya ga Inna ta ware kwano guda ta aje can gefe, sai ya ɗauka baƙonsa ta ware wa.

Shi ya jawo baƙon nan har Anka. Jami'arsu ce ta haɗa darasi da wata jami'a ta Jos kan zama da mai wani addini, aka ce kowa ya kai abokin karatunsa gida kwana uku. Nasa abokin Kirista ne. Tun a mota yake cika wa baƙon baki: "Gidanmu ko fasto ya zo, sai ya siɗe kwano ya nemi ƙari!"

Ya bi ta madafa yana dariyar dole. "Haba Inna, kunyata ni za ki yi? Baƙon nan ba ya cizo, na duba haƙoransa."

Ko murmushi ba ta yi ba. "Baƙonka da babanku za su ci kwano guda. Wanga na yayanka na."

"Yaya? Ba shi da lafiya?"

"Tun da ya koma wajen sabon malamin nan ya ce yankan babanku mushe na, don babanku na wazifar 'yan ɗariƙa. Wata huɗu ke nan ina yi mai miya daban."

Ya leƙa zaure. Yayansa ya ɗauki kwanonsa ya ba babansu da baƙo baya.

Babansu ya tura wa baƙo cinyar kaza guda. Ɗayar kuma, bisa sabo, ya tura ta gefen da yayan ya saba zama, inda yanzu babu kowa.