Maginiyar da Ba Ta Kiran Sunan 'Yarta

Zo ki zauna nan kusa da ni, Ladidi. Tun hantsi nake kallonki kina kai-kawo a ƙofar ɗakin da ɗanki yake kwance, kin ƙi shiga, sai aika ƙanwar mijinki kike yi da ruwa da magani. Kin ce wai ɗan fari ne, kuma kina tsoron in kin zauna kusa da shi ki yi kuka, a rubuta ki cikin waɗanda ba su karɓi ƙaddara ba. To, ara mini kunnenki in ba ki misali.

An yi wata maginiyar tukwane a wani ƙauye, mace mai kunya ta gaske, irin wadda ko tuntuɓe ta yi sai ta waiga ta ga ko an gan ta. 'Yarta ta fari tun da aka yaye ta take hannun goggonta, ƙanwar uban, kamar yadda aka saba. Shekara tara uwar ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai ta ce "waccan". Da ciwo ya kama yarinyar an je asibiti har birni, an sha rubutu, an sha saiwa, daga ƙarshe likita ya ja uban gefe ya ce su koma gida, abin da ya rage addu'a ce da rage mata zafi. Aka kawo ta gidan iyayenta, aka yi mata shimfiɗa a ɗakin uwar, goggon ta tare a nan tana jinya. Ita kuwa maginiya sai ta ƙara duƙufa kan aikinta. Da sassafe ta tafi haƙar yumɓu, ta dawo ta zauna a bayan ɗakin tana gini har la'asar. Ko kunu ta dama, sai ta ajiye a bakin ƙofa ta yi gyaran murya ta juya. Matan da ke zuwa dubiya suka yi ta yabonta, suna cewa ga mai tawakkali, ko ɗigon hawaye babu. Ba su san a ramin yumɓu take shan kukanta ba, in ta gama ta wanke fuska ta yi ta istigfari, don a ganinta ta saɓa wa Ubangijinta. Ni halin mutane ke nan da ke ba ni haushi, bakinsu bai gajiya da yabon abin da ba su san cikinsa ba.

Haka aka yi wata guda. Rannan tana shafe bakin wata randa a gindin taga, sai ta ji muryar yarinyar ƙasa-ƙasa tana tambaya: "Goggo, warin ciwon nan ne ya hana Inna shigowa? In kin shafa mini turare za ta zo?" Maginiya ta tsaya cak, hannunta cikin randa. Abu biyu ne suka riƙe ta duk tsawon kwanakin nan, kunyar mutane da tsoron Allah, kuma ta ɗauka duk hanya ɗaya suke nuna mata. Sai yanzu ta gane haƙurin da ake yaba mata, yarinyar ce ke ɗauke da nauyinsa, ga ciwo ga zaton uwarta na ƙyamarta. Ta tambayi kanta, wanda ya ba ta amanar 'yar nan, shin hawaye zai tuhume ta a kai, ko kuwa barin da ta yi mata? Ta bar randar ba ta ƙarasa ba, ta wanke hannu, ta shiga. Ɗakin cike da 'yan dubiya, har da uwar mijinta. Ta ratsa su ta zauna a kan tabarma, ta ɗora kan yarinyar bisa cinyarta, ta ce, "Hansatu, ga ni." Hawaye ya zubo, ta bar shi ya zuba. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Ke, 'yar fari ce fa." Uwar mijin ta ce, "A bar ta." Da uban ya je ya tambayi liman hukuncin kukan, sai liman ya ce hawaye rahama ne, abin da aka hana shi ne kururuwa da furta kalmar saɓo.

Kwana goma sha ɗaya Allah ya ba su. A cikinsu ta ba ta kunu da hannunta, ta yi mata kitso a hankali saboda kan na ciwo, suka riƙa maimaita kalmar shahada tare, har ranar wata Talata da azahar rai ya yi halinsa, yarinyar na kan cinyarta. Ta yi haƙuri, haƙuri na gaske wannan karon. Amma har ta tsufa tana cewa kwanaki goma sha ɗayan nan ba su taɓa damunta ba, watan da ta yi a bayan ɗaki shi ne ke ci mata zuciya.

Ladidi, ban san kwana nawa Allah ya rage wa yaron nan ba, likita ma bai sani ba. Na dai san ɗazu na ji yana tambayar ina kike. Share fuskarki, ko ma kada ki share, tashi ki shiga ki kira shi da sunansa. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.