Amin Ɗin da Ya Maƙale

"Maigida, in ƙetara?" matata ta tambaye ni, da ƙwaryar fura a ka, za ta kai wa masu yi mana noma a hayin gulbi.

Na ɗaga kai. Sama wasai, ko gajimare babu. Tun bazara masu hasashen yanayi suka faɗa a rediyo cewa daminar bana za ta yi rowa, ga shi kwana ashirin rabonmu da yayyafi. Mu a Madarumfa, tun kakanni, sama muke duba kafin mu taka yashin gulbi.

"Ƙetara abinki," na ce. "Wane ruwa?"

Tana tsakiyar yashi na ji rugugi. Na sake duban sama, ina zaton tsawa ce. Ashe can ƙetaren iyaka an kwana uku ana sheƙa ruwa, madatsar ruwan da ke tare gulbin namu ta cika, an buɗe ƙofofinta. Saƙon gargaɗi bai iso gare mu ba, ruwan ne ya iso.

Washegari masunta suka tsamo gawarta.

Masu hasashen ba su yi ƙarya ba, gero ya ci gaba da ƙonewa a gonakinmu. Ran sadakar bakwai liman ya fitar da gari roƙon ruwa. Muka juya riguna, muka yi sahu cikin rana.

"Ya Allah, ka ba mu ruwa!" in ji liman.

Gari duka ya amsa. Ni ma na ɗaga hannuwa, don gonata tana jin ƙishi kamar ta kowa. Amma amin ɗin ya maƙale mini a wuya, har yau bai fito ba.