Laya a Wuyan Sa

Ka ce ka sa wa babur ɗinka abin nan da ke gaya maka inda yake ko kana barci, har kana washe baki. To ja kujera, Ɗantala, in ba ka wani misali, in ya so ka ci gaba da murnarka.

An yi wani ƙauye a gindin duwatsu da ke da mafaka. Wani kwazazzabo ne can bayan dutse, bakinsa a rufe da sarƙaƙiya, in ba nuna maka aka yi ba sai ka wuce ta gabansa ba ka san da shi ba. Tun zamanin yaƙe-yaƙen kaka da kakanni nan suke shigewa in an kawo hari. Ko suna ba su sa masa ba, don kada baki ya suɓuce. Amaryar da aka kawo daga wani gari ba a nuna mata hanyar sai ta haihu. In za a gudu, sai a bar zakaru a gida, a ɗaure bakin awaki, na ƙarshe ya ja reshen ƙaya yana share sawu. Da wayoyi suka zo, dattawa suka ƙara doka, kowa ya kashe tasa tun daga bakin gari. Da haka suka tsira shekara da shekaru. Ɓarayin daji su zo su tarar ba kowa, su ƙone abin da za su ƙone, su koma.

A ƙauyen akwai wani manomi mai shanun huɗa. An taɓa sace masa sa, abin bai bar zuciyarsa ba. Wata rana a birni aka nuna masa wata 'yar na'ura da ba ta kai akwatin ashana ba, aka ce in ya rataya wa sa, duk inda san ya taka zai gan shi a wayarsa. Ya saya, ya kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata kamar laya, don ɓarawo ya gani ya ɗauka maganin baki ne. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Ya rataya wa san, kullum yana kwance a inuwa yana kallon ɗigon da ke nuna san a wayarsa yana kiwo, ya ji duniya ta yi masa daɗi. Ana nan sai 'yan fashi suka tare hanyar kasuwa, suka ƙwace masa wayar, ko makulli babu a kanta. Ya yi kwanaki yana jimamin waya. Wallahi abin da ke ba ni haushi ke nan, mutum ya yi ta kukan waya, bai taɓa tuna cewa layar tana nan a wuyan sa tana ba da rahoto ba.

Da damina ta faɗi, wata rana da hantsi aka ce ga mahara nan. Gari ya yi yadda ya saba. Aka bar zakaru, aka ɗaure bakin awaki, aka kashe wayoyi, aka share sawu tas. Manomin ya koro shanunsa cikin jama'a, layar tana lilo. Mutane suka lafe a kwazazzabo, uwaye sun toshe bakin jarirai da nono. Maharan ko garin ba su shiga ba. Kai tsaye suka nufo dutse, na gabansu yana riƙe da waya yana duba ta, har suka tsaya a bakin sarƙaƙiyar. Mafakar nan ƙofarta ɗaya ce. Suka kashe waɗanda suka kashe, suka kora mata da dabbobi, har da matar manomin da 'yarsa. Shi kuwa suka bar shi da rai, babbansu ya ɗaga masa wayar ya ce, "Mun gode, malam."

Ƙauyen bai sake zama ba. Rumbu in ya ƙone ana gina wani, amma wurin ɓuya in an san shi ya ƙare ke nan. Mutanen suka watse, kowa ya kama gabansa. Manomin yana nan, an ce kullum sai dai ya zauna yana kallon hannuwansa.

Ni abin da ke karya mini zuciya, Ɗantala, shi layarsa ɗaya ce, da ya tuna da ya tsinke ta. Mu fa? Tana aljihunmu, tana babur ɗinmu, tana cikin katin da muke yawo da shi, kuma ba mu san hannun wa ɗaya bakin zaren yake ba. Ban ga kwazazzabon da ya rage mana ba. Shi dai bawan Allah sa ɗaya ya so ya tsare, sai ya bayar da gari. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.