Maharba Goma a Gwangwanin Madara

Ɗayyabu, ajiye wayar nan tukuna. Tun da ka zauna kake latsa hotunan 'yan mutum-mutumin nan kana haɗiyar yawu, wai ka rasa waɗanda za ka fara tarawa. Kafin ka sayi ko ɗaya, saurari wannan misalin.

An yi wani tela da ya faɗa wa wasan nan naku na yaƙin kan tebur, da girmansa, furfura har ta fara leƙo masa. Ka dai san yadda abin yake: sojoji 'yan mitsi-mitsi kamar babban yatsa, kowane da makinsa, rundunar mutum ba ta wuce maki ɗari, a auna tafiya da tef, a jefa ƙwayar ludo a ga ko harbi ya samu. Wanda ya koya masa wani tsohon kafinta ne, shi ne ma ya ƙera teburin da ake gasa a kai, da tuddansa da rafinsa da 'yar gadarsa ta katako. Da tela ya tashi sayen nasa sojojin, idonsa ya faɗa kan wata giwar yaƙi mai sulke, sai ɗaukar ido take. Kafinta ya ce ina! Sai dai ya sayi maharba goma, ya shafa musu fenti da hannunsa, kuma kada ya ƙara ko ɗaya sai ya san su kamar 'ya'yan cikinsa. Tela ya bi, amma wallahi ba da son ransa ba, don maharban ko kyan gani ba su da shi. Ya zuba su a gwangwanin madara, ya yi musu shimfiɗa da ƙyallayen atamfa. Shekara biyu, kowace Asabar bayan la'asar, ana lallasa shi yana komawa. A hankali ya san inda kibiyar kowane take kaiwa tun bai ɗauki tef ba, abinka da tela, inci a idonsa yake. Har da wani da bakansa ya karye, ya ɗaure masa da baƙin zare.

To, al'adarsu ita ce duk shekara unguwarsu ta kara da unguwar ƙetaren titi, zagaye uku, wadda ta ci ta ɗauke teburin ta riƙe har baɗi. Shekara uku ke nan teburin yana can hannun 'yan ƙetare. Kafinta kuwa ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ko ƙofar gida ba ya kaiwa sai an riƙe shi, ya ce babu abin da yake so irin ya sake shafa teburinsa kafin ta Allah ta kasance. Tela aka zaɓa ya je ya ƙwato shi. Da safiyar gasar sai ga wani mai shagon wayoyi, da kyakkyawar niyya, ya kawo masa aron giwar nan da mahaya biyu masu sulke, su ukun kawai sun cinye maki ɗari. Tsohon kwaɗayi ya motsa. Gogan naka ya tura gwangwaninsa ƙarƙashin benci. Ashe bai san takun giwa ba, bai san ta fi ƙarfin gada ba, ya kai ta bakin rafi ta maƙale. Ga mai ita tsaye a ƙeyarsa yana ta faman, "A hankali da haurenta, Malam, riƙe ta ta ƙasa." Zuciya na kan fentin wani, kafin shayi ya huce an gama da shi a zagayen farko.

Kunya ta rufe shi, don ya tuna tsohon da ke kwance yana jiran labari. Ya naɗe giwa a auduga, ya miƙa wa mai ita da godiya, ya jawo gwangwani. 'Yan ƙetare suka kwashe da dariya. Ya watsa maharbansa bayan tuddai, ya ci zagaye na biyu da ƙyar. A na uku aka yi ta ɗauki-ɗaiɗai har ya rage masa mutum ɗaya, mai ɗaurarren bakan nan, abokin karawa kuma saura mahayi ɗaya, wanda ya ajiye inda yake ganin kibiya ba ta isa. Tela ya dubi tazarar sau ɗaya ya ce zai harba. Aka ja tef, inci goma sha biyu cif, iyakar inda kibiyar take kaiwa, ba ragi ba ƙari. Ya jefa ƙwaya, Allah ya ba shi sa'a.

A kura aka turo teburin har ƙofar gidan kafinta. Aka tallabo shi zuwa zaure, ya bi tuddan da tafin hannu, ya taɓa gada ya ji ƙusa ɗaya ta yi lako-lako, ya ce a miƙo masa guduma. Sai da ya buga ta sannan ya ɗago ya tambaya, "Da me ka ci?" Tela ya buɗe masa gwangwani. Tsohon bai ga gasar baɗi ba, amma teburinsa na zaurensa sa'ad da ya cika.

Ka ga gwangwanin can da ke kan keken ɗinkina? Duk ranar da na buɗe shi sai na yi wa bawan Allahn nan addu'a, don ya hana ni abin da nake so, ya ba ni abin da ya fisshe ni. Allah ya haskaka kabarinsa. Kai ma zaɓi 'yan kaɗan da za su zama naka, ka zauna da su har su saba da hannunka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.