Kwalbar Baba Tela

Kafin rana ta yi zafi, Baba Tela ya riga ya kama ƙwari goma sha tara. Ya jefa su cikin kwalbar kananzir, ya toshe, ya matsa zuwa kunyar shuka ta gaba da gwiwa.

Shekara arba'in yana ɗinki, har allura ta cinye masa ido. Da ya ajiye keke, sai ya koma filin bayan gida ya shuka kokwamba da tumatir, da 'yan furanni a bakin katanga. Nan yake wuni. 'Ya'yansa kuwa so suke a sayar da filin, ya koma ɗaki guda a gidan babban ɗansa, hawa na uku, inda ko tukunyar fure ba ta da wurin zama. Da ƙyar aka yi sulhu: idan bana lambun bai ba da komai ba, zai sa hannu.

Sai wani ciwo ya shigo lambun. Ganye ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya kamar atamfar da ta zuba. Kokwamba ta fito a murɗe da ƙuraje, ganyen tumatir ya tsuke ya zama zare. Ya ƙara taki, ya rage ruwa, ya ƙara ruwa. A banza.

Amma tela ba ya rasa lura. Ya ga duk shukar da ta kamu, akwai wasu jajayen ƙwari a kanta, masu ɗigon baƙi a baya, ƙanana kamar maɓallin riga. Inda ciwon ya fi tsanani, nan suka fi taruwa. Tun daga ranar yake binsu ɗaya bayan ɗaya, da haƙurin mai warware ɗinki. Mako shida bai huta ba. Ƙwarin suka yi ƙaranci, ciwon kuma ya haye har kan furanni. Abin ya karya masa zuciya, har tsoron fitowa da safe yake yi.

Autarsa ce ta ga yana ramewa, ta ɗauko malamar gona. Matar ta juya ganye, ta miƙa masa madubin ƙara girma. A ƙarƙashin ganyen ya ga wasu halittu kore-kore, cunkus, suna motsi.

"Darɓa ce, Baba. Ita ke tsotsar tsiro mai ciwo ta kai wa mai lafiya. Wanda ya kamu ba shi da magani, sai tugewa."

"Duka?"

Ta dubi lambun daga katanga zuwa katanga, ta sunkuyar da kai. "Ban taɓa ganin ta yi yawa haka ba. Kamar ba abin da ke taɓa ta."

Wannan maganar ta sosa shi. Filin ya tafi, ya sani, amma ba zai yarda a ce ya zauna ya naɗe hannu ba. Ya rarrafa ya ɗauko kwalbar, cike har wuya, ya ɗora mata a tafin hannu.

"'Yata, ni ma ban kwanta ba. Da hannuna na kama su, ko ɗaya ban bari ba."

Malamar ta ɗaga kwalbar ga haske, ta daɗe tana kallo. Da ta yi magana, a hankali ta yi.

"Baba, ai waɗannan su ne masu cinye darɓar."