Gindin Kututturen Kuka

"Iya, ku ɗauke tiren nan, a nan za mu haƙa!" in ji Markus, direban injin haƙa.

Tun da aka fara harsashin kamfanin fata a Challawa, Hansatu mai gyaɗa take zama a gindin wani kututturen kuka. Ba inuwa, ba ciniki, amma ta ƙi matsawa. Yau leburori suka ja ta gefe.

Ƙarfen haƙa ya murɗa, ya nutse, ya fito da jar ƙasa. Karo na biyu ya fito da fasassun tukwane.

"Tarkacen tsohon gida ne," in ji Markus, ya kai hannu zai sake saukar da shi.

Malam Ladan, shugaban aiki, ya riƙe hannunsa. "Kashe injin! Mu nan da fasasshiyar tukunya muke rufe kabari."

Hansatu ta durƙusa, ta ɗauki ɓari ɗaya, ta goge shi da bakin zaninta.

"Tukunyar tuwona ce," ta ce. "Ranar da ɗana Nuru ya rasu ba a samu wata ba. Na juye tuwon, na ba su."